Wasiƙa daga Kano: An Gama Fidda Gwani

Kano, 12 ga Yuni, 2022

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zafin Khartoum? Na san ka yi fushi da shiruna, to a yi haƙuri, kai ma ai sai da goro ya ƙare maka ka tuna da ni.

Ka tambaye ni wa zan zaɓa. Bari dai ka fara jin yadda aka zaɓar mana 'yan takarar shugaban ƙasa. Kano mai ƙananan hukumomi 44, daliget uku-uku APC ta ɗauka daga kowacce, 132 ke nan. PDP kuwa ɗai-ɗai ne, mutum 44 kacal, a jihar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan biyar. Sabuwar dokar zaɓen da Buhari ya sa wa hannu a watan Fabrairu ce ta rage su, don sashe na 84(8) ya ce zaɓaɓɓun daliget kaɗai ke jefa ƙuri'a. Majalisa ta ankara cewa ta rufe ƙofa da kanta a waje, ta yi gyara a gurguje, shugaban ƙasa bai sa hannu ba. To wa ke rubuta sunayen daliget? Ka san amsa, gwamna ne da 'yan gaban goshinsa. Kuma idan masu ƙuri'a suka yi kaɗan, cinikinsu ya zo da sauƙi. A makonnin nan dala ta wuce naira 600 a Wapa, kasuwar 'yan canji, kowa ya yi nasa lissafin.

Fom ɗin takarar APC naira miliyan 100, na PDP miliyan 40. A PDP, Atiku ya samu ƙuri'a 371, Wike 237, bayan Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku. A taron APC a Dandalin Eagle, Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235. Mutum bakwai suka janye wa Tinubu a dare ɗaya.

Af, ƙanenka ya sayar da Adaidaitar nan. Wai zai shiga harkar POS. Hajiya ta ce in gaya maka ka yi masa faɗa, ni dai na isar.

Abin da ya fi ƙona min rai 'yan jarida ne. Kwana uku ana ta nuna wane ya shiga Fadar Shugaban Ƙasa, wane ya fito yana murmushi, shugaban APC Abdullahi Adamu ya ce Ahmad Lawan ne ɗan masalaha, gwamnonin Arewa sun ce ba da su ba. Kamar ana sharhin ƙwallo. Jami'o'i a rufe tun 14 ga Fabrairu, fasinjojin jirgin ƙasan Kaduna suna daji tun 28 ga Maris, an yi kisan cocin Owo ana gobe taron APC, amma da wuya ka ji an tsare ɗan takara an ce nawa zai ba ASUU, ƙungiyar malaman jami'a da ke yajin aiki, kuma daga ina zai samo. Gidajen rediyonmu kuwa bayan Isha'i sojojin baka ne ke sayen fili, wannan ya zagi ubangidan wancan, gobe a rama.

Maganar katinka: INEC ta ce ƙarshen watan nan za ta rufe rajista, kuma ba a jefa ƙuri'a daga waje. In kana son canja rumfa daga tsohuwar unguwa, ka nema tun yanzu, amma karɓar katin sai ka zo da kanka.

Turaren da ka yi alkawari tun Sallah ƙarama fa? Ga Babbar Sallah ta matso. A gaida Maman Yara.

Naka,
Mai cin bashinka