Wai na zama baban bola

Jos, daren Lahadi, ana ta yayyafi.

Assalamu alaikum Dogo,

Ya gida, ya aiki, ya amarya? Ko yanzu da yara uku ta daina amsa sunan? Ka gaishe ta, ka shafa min kan Auta.

Na san bakinka cike yake da magana. Saƙon muryarka yana nan tun kafin babbar Sallah, na saurara ya fi sau uku ban amsa ba. Wallahi ba wulaƙanci ba ne. Abu biyu ka tambaya: filin da kake so in je in duba maka, sai kuma ta tsokanar, wai da gaske ne na ajiye alli na koma baban bola. Na san wanda ya kai maka wannan. Mai Shayi ne, bakinsa ba ya riƙe komai sai bashi. To maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna in rubuta, kamar zamanin da muke ba direba wasiƙa a tashar Bauchi Road.

Alli dai yana hannuna, ina nan ina koyar da labarin ƙasa. Bolar ma gaskiya ce. Kuma kar ka ɗauka wani kishin al'umma ne ya tashe ni da tsakar dare. Ruwa ne ya tashe ni.

Bara cikin Agusta, wajen ƙarfe biyu, uwargida ta girgiza ni tana salati. Ina sauke ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa, sanyi kamar ƙanƙara. Na haska tocila, ga silifas ɗina suna yawo, ga buta ta biyo su. Takardun jarrabawar 'yan aji biyar da na kawo gida in duba, duk sun koma kunu. Hajiya goya ta na yi zuwa gidan sama na maƙwabta, tana bayana tana min faɗa wai in bar ta ta ɗauko carbinta. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma kai ka san abin da ya faɗo mana a rai, mu mutanen Rikkos. Yulin 2012, farkon azumi, da madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya ci aƙalla mutum 35 tsakanin nan da su Gangare. Kana Jos lokacin, da ni da kai muka bi bakin rafi ana neman yara. Ban taɓa gaya maka ba, amma daga ranar ban ƙara jin daɗin barcin ruwan sama ba.

Da gari ya waye na bi sawun ruwan in ga ta ina ya juyo mana. Kwalbatin nan ne na bayan gidan su Ɗan Gwaggo, inda muke buga langa. Ya toshe ƙam. Na tsaya ina kallo: ledar fiya-wata ta dunƙule da laka ta zama kamar bango, robobin lemo, famfas ɗin jarirai sun kumbura, tsohuwar katifa, har da ƙafar kujera. Can a ciki na hango ledar garin da muke saya a gidana, mai jan rubutu. Ba zan rantse tamu ba ce, ba kuma zan rantse ba tamu ba ce. Laifi tudu ne, Dogo. Shekara nawa ina zana wa yara yadda ruwa ke bin gangare a allo, alhali idan hadari ya haɗu almajirin gidanmu ake ba shara a ce ya zuba a kwata ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Ban taɓa tambaya ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya mu huɗu muka shiga, da shebur biyu da manjagara da baron aro. Warin kuwa ba a magana, kwana biyu ko gwaten acca aka kawo min sai in ji shi a hanci. Mutane suna wucewa suna "sannunku da aiki, Allah ya ba da lada", babu mai naɗe wando. Wani ma tsayawa ya yi ya tambaya nawa gwamnati ta ba mu. Abin da ya juya lamarin Liman ne. Ran Juma'a ya kawo hadisin cire abu mai cutarwa daga hanya sadaka ne, ya ce wanda ya zuba shara a magudanar ruwa ta shiga ɗakin maƙwabcinsa, ya shirya amsar da zai bayar. Bai kira suna ba, amma Alhaji Mai Kwano sai sunkuyar da kai yake yi. Tsaftar ƙarshen watan nan mun haura mutum ashirin, mata suka aiko da kunun gyaɗa.

Af, na tuna. Alhaji Mai Kwano ya ƙara aure. Eh, ta huɗu. Kar ka tambaye ni shekarunta, ni dai na ci waina na yi addu'a na fito. Kuma Ɗan Gwaggo ya sayar da keken nasa ya tafi haƙar kuza wajen Barikin Ladi, ya dawo da tari da sabuwar waya.

Maganar kuza ta tuna min. A makaranta na kafa wa yara ƙungiyar muhalli, shugaban makaranta ya yarda ne bisa sharaɗin kar in nemi ko sisi. A zangon da ya wuce na kwashe su a bas zuwa Rayfield da wajen Bukuru su ga tafkunan nan. Ka yarda akwai yaron da aka haifa a Jos, yana aji shida, yana zaton Allah ne ya yi su haka? Na ce musu ramuka ne da kamfanonin Turawa suka haƙa tun farkon ƙarnin da ya wuce, har jirgin ƙasa aka jawo daga Zariya ya iso nan a 1914 saboda kuzar, kuma ita ce ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu garin nan. Da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985 aka watse aka bar mana ramukan da tudun ƙasar da ba ta fitar da komai sai itacen turare da aka dasa. Yanzu masu lambu na jan ruwansu da rani suna noman kabeji da karas ɗin da ake saukewa a Farin Gada, yara kuma suna zuwa wanka, wasu ba sa dawowa. Wata yarinya, 'yar ƙarama mai tabarau, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mu ledarmu wa za mu bar wa?" Na ce ta shiga mota lokaci ya ƙure. Ban da amsa, shi ya sa.

Yaran suna tara robobi a buhu, ƙarshen wata 'yan jari bola su zo da sikeli su auna su biya. Kuɗin ba wani abin kirki ba ne, amma ya saya mana tsintsiya da kwandunan shara, har da ƙwallo. Daga nan sunan ya samo asali. Ina shiga aji in ji ana raɗa "ga baban bola nan". Na daina jin haushi, har na fara amsawa. Ledar fiya-wata ce ta gagare mu, ba ta da nauyi a sikeli, masu saye ba sa ɗokinta, ƙona ta kuma hayaƙi ne mai sa ƙirji ciwo. Kai da kake zaune a Fatakwal, inda tun 2016 kuke share baƙin toka daga hanci, ba sai na yi maka bayanin hayaƙi ba. Ka bar garin da ake rufa da bargo ka tafi inda farar riga ba ta kai la'asar. Allah ya shirye ka.

Yanzu ga abin da na fi so in gaya maka, wanda ban gaya wa Mai Shayi ba don kar ya zama labarin teburi.

Mun yashe kwalbatin sau uku, sau uku yana cika. Sai muka gane ba shararmu kaɗai ba ce, daga sama take gangarowa, daga unguwannin da ka sani, waɗanda ƙafata ba ta taka ba tun rikicin Nuwamban 2008. Shekaru nawa ke nan, ina gari ɗaya da mutane, in zan je wani wuri sai in zagaye. Akwai wata malamar kimiyya a makarantarmu, can take zaune, ita ta ce in zo ta haɗa ni da matasan cocinsu, su ma ruwan yana cinye musu bayan gidaje. Na yi kwana uku ina juya abin. Uwargida ta ce in na tafi kar in cire hula, in mutuwa ce ta same ni da kamannina. Hajiya kuwa ban gaya mata ba sai da na dawo.

Dogo, ka san wa na tarar a can, riƙe da shebur? Golan ajinmu. Wanda ka fasa wa tabarau a filin Polo ka ce iska ce. Ya yi tumbi, gashi ya zube, amma dariyar tana nan. Ya kama hannuna ya ƙi saki, yana ta "kai ne? kai ne?" da Hausarsa ta Jos da ba ta san namiji da mace ba. Ya tambaye ka. Na ce kana nan kana goyon bayan Rivers United don neman suna wajen surukai, ya ce tun da Plateau United ta ci kofi a 2017 ya san ba za ka iya zama lafiya ba. Ba mu yi maganar abin da ya faru ba. Shi ya rasa wansa, ni ka san wanda na rasa. Mun yi aikin awa uku cikin laka, aka kawo masa da ruwan leda, muka sha, muka tsaya riƙe da ledar muna kallon juna, sai dariya. Ya cusa tasa a aljihu, na cusa tawa.

Ba zan ce maka an shirya ba. Akwai waɗanda suka ga mun shigo suka shige gida suka rufe ƙofa, a namu ɓangaren ma akwai mai cewa na fara zaƙewa. Amma yanzu wata ɗaya mu hau, wata ɗaya su sauko, kuma bana ruwa bai shiga ɗakin kowa a layinmu ba. Sharar da muke tarawa a bakin titi ce matsala, mun kai takarda ofishin da ya kamata har sau biyu, motar kwasa ta zo sau ɗaya, ranar ma don ana jiran wani babba zai wuce.

A gida kuma ana ci min fuska da gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin albashin malami, muka koma gawayi. Ranar da na dawo da dashen mangwaro guda goma ina ta bayanin amfanin bishiya, uwargida tana fifita kurfoti ba ta ce komai ba, sai da na gama ta ce, "Malam, wannan gawayin daga sama yake faɗowa?" Na shige ɗaki. Cikin goman, awaki sun cinye shida. Huɗun da suka rage na kewaye su da tsofaffin tayoyi da ƙaya, kullum da asuba ina ba su ruwan alwala.

To ga inda nake neman shawararka, don kai ka iya da manya. Da muka bi magudanar daga sama har ƙasa, inda ta fi matsewa shi ne wajen shagunan nan guda uku da aka gina a kan bakinta. Ka san na wane ne. Baban uwargida. Mutumin da ya ba ni 'yarsa ina malamin sa-kai ba ni da ko keke, ya biya min kuɗin haya shekara biyu bai taɓa tayar da maganar ba. Kwamiti ya ce ni zan je in same shi, tunda ni ne mai bakin. Mai unguwa ya zame, Liman ya ce zai raka ni da addu'a daga gida. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ko Mokwa a Mayun 2025, ya san ruwa ba ya jin "Baba ne". Amma ta ina zan fara? In durƙusa in gaishe shi, in ci tuwonsa, sannan in ce ya rushe shagon da yake ciyar da marayun ƙaninsa? Uwargida ta ce ba ruwanta, amma tun ranar miyar gidan ta rage gishiri. Na yi tunanin in fara zuwa wajen Kawu, Baba yana jin maganarsa, a nemi ko shago ɗaya na tsakiyar a ja da baya a faɗaɗa hanyar, mu kuma mu haɗa kuɗin bulo. Golan ma ya ce in an tashi aikin zai kawo birkiloli biyu kyauta. Ka ga kuwa wannan ma wata maganar ce da ban san yadda Baba zai ɗauke ta ba.

Juma'a mai zuwa nake son zuwa. Ka kira ni kafin nan, bayan isha'i, kar ka turo murya mai minti tara.

Dankalin Bokkos ya fara shigowa, in direban nan naku zai taso ka ce ya biyo, Hajiya ta ware wa amarya rabin buhu da acca mudu biyu. Na san akwai wani abu da ka tambaye ni a farko, ya shige min, ka tuna min in mun yi waya. Ruwan ya fara ƙarfi, bari in ɗauki tocila in leƙa kwalbati.

Naka,
Baban Bola