Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Kaduna Kan Masu Lalurar Laka

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe,

Mu ma'aikatan jinya ne da likitocin gashin ƙashi a Zariya. Kukanmu a kan talakan da lakar bayansa ta taɓu ne. Mafi yawa haɗarin mota ko acaɓa ne ke kawo su, sai faɗowa daga bishiya, ruftawar rijiya da harbin 'yan bindiga. A asibitin koyarwa na Shika ana ceto ransa a sallame shi. Bayan ya koma gida sai gyambo da ciwon mafitsara su kashe shi, alhali duka biyun ana iya kare su da kuɗi kaɗan.

Wanda ba ya jin jikinsa daga ƙugu zuwa ƙasa dole a riƙa juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. In an bar shi a gefe ɗaya, nauyinsa zai danne jijiyoyin jini a inda ƙashi ya taso, wato ƙashin gindi, kwatangwalo da dunduniya, naman wurin ya mutu. Alamar farko ita ce fata ta yi duhu ko ja, ta yi tauri ko ɗumi, kuma ba ta komawa daidai bayan an juya shi. A baƙar fata sai an duba da haske, safe da yamma. To wa zai yi wannan a gidan da shi majinyacin ne mai nemo abinci? Matarsa na suyar ƙosai, shi yana kwance a tabarma bisa siminti, ko katifar da ta lotse ta jiƙe da fitsari. Gyambon da zai buɗe cikin 'yan kwanaki yakan ɗauki watanni bai rufe ba, kuma ba ya warkewa da koko da tuwo zalla. Sai da wake, ƙwai, gyaɗa ko kifi. In gyambon ya ci har ƙashi, guba ta shiga jini.

Haka batun robar fitsari. Ta roba zalla ana canja ta cikin mako 2 zuwa 4, ta silikon takan kai mako 12. Saboda rashin kuɗin roba da na motar zuwa asibiti, sai a bar ta wata da watanni har ta toshe, fitsari ya koma ƙoda. Majinyacin kuma yakan rage shan ruwa don kada ya wahalar da mai zubar da jakar fitsari, alhali yana buƙatar aƙalla lita 2 a rana, balle a zafin Maris da Afrilu. Wanda raunin ya same shi daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, toshewar roba ko taurin bahaya kan harba jininsa sama farat ɗaya, da matsanancin ciwon kai da zufa a fuska. Abin yi shi ne a zaunar da shi tsaye, a sassauta tufafi, a duba robar. Iyalai da yawa kwantar da shi suke yi su nemo Panadol, don ba wanda ya koya musu.

Ga kuma gidajen cikin birni: lungu ƙunci, dokin ƙofar zaure mai tudu, masai na tsuguno. Kekunan da ake rabawa a taron siyasa (ranku ya daɗe, sai dai a yi haƙuri da mu) ba a auna kowa, ba matashin zama, su ma gyambo suke jawowa. 'Yar da ke jinya takan bar makaranta, mace mai lalurar kuwa sau da yawa gidan iyayenta ake maida ta.

Dokar tarayya ta hana wariya ga masu buƙata ta musamman an sa mata hannu a Janairun 2019, ga kuma tsarin taimakekeniyar lafiya na KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha. Muna roƙon a sa masu lalurar laka cikin marasa galihun da gwamnati ke biya wa, kuma abin da za a biya ya haɗa da robar fitsari, jaka, safar hannu da kayan wankin gyambo. Kada a sallami kowa sai mutum biyu daga gidansa sun yi juyi, duba fata da taimaka masa wajen fitar da bahaya da hannunsu a gaban nas, kuma ya tafi da katifa mai tauri da keke daidai jikinsa. Jihar nan na da mazaɓu 255, kowacce da cibiyar lafiya matakin farko. A horar da ma'aikaci ɗaya a kowacce, ya riƙe sunayen majinyatan yankinsa, ya leƙa su gida sau ɗaya a wata ya canja roba.

A kuma koya wa 'yan acaɓa da direbobi a tashoshin Kwangila da Ƙofar Doka cewa wanda ya yi haɗari yana kukan wuya ko baya ba a naɗe shi a Keke Napep, ba a kai shi wurin mai ɗori. Mutum huɗu za su ɗauke shi a miƙe bisa katako, ɗaya na riƙe da kai. Muna shirye mu ba da wannan horon in ma'aikatarku ta kira mu.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan jinya da likitocin gashin ƙashi, Zariya