A Duba Matan Da Ke Ɗinka Mana Huluna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai wankin hula ne a cikin birnin Kano, shekarata 19 ina wannan sana'a, don haka ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk hular da aka kawo mini, kafin in sa mata sitaci nakan juya cikinta. A nan ake gane aikin hannu da na inji. Ƙanwar mahaifiyata bazawara ce, da allura da zare ta ciyar da marayu biyar. Mai zane ya zana mata, ita ta zauna a tsakar gida tana bin zanen ɗinki bayan ɗinki, wani lokacin har da fitilar waya idan an ɗauke wuta. Hular zanna bukar ɗaya takan ci mata mako uku. Yanzu idonta ya fara gazawa. Amma dillali ya karɓi hular a wulaƙance, ya kai kasuwa ya ninka kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Hula ɗaya fa tana ciyar da mai zare, mai zane, mai ɗinki, da irina. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa Kasuwar Kurmi ke rayuwa da aikin hannu, marinar Ƙofar Mata kuwa tun 1498 ake ba da tarihinta.

Roƙona ga hukuma: a taimaka wa matan nan su haɗa ƙungiya, su sayi zare a sari, su sayar da kayansu da kansu ta WhatsApp, a kuma duba musu idanu kyauta.

Naka,
Mai wankin hula, Kano