Sanarwa kan rage cunkoso a ma'ajiyar injinanmu

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu kula da sabar ofis, barkanmu da war haka.

Ana sanar da mu cewa ma'ajiyar Ceph (manhajar da ke haɗa faifan sabobi su zama ma'ajiyar bayanai guda) da injinanmu na Proxmox (wato kwamfutocin da manhajar Proxmox ke ƙirƙira a cikin saba) suke rabawa ta fara nuna gargaɗin cika, wanda ke fitowa idan faifai ya kai kashi 85 cikin ɗari, kuma idan aka bari ya kai kashi 95 za ta daina karɓar sabbin bayanai gaba ɗaya, injina su tsaya cak. Babban dalili shi ne, goge fayil a cikin inji ba ya mayar wa ma'ajiya da gurbinsa, sai an sanar da ita cewa gurbin ya zama fanko.

Saboda haka muna roƙon kowa, kafin la'asar ɗin ranar Alhamis, ya duba injinan da ke hannunsa, ya goge tsofaffin snapshot (wato hoton yanayin inji da aka adana a wani lokaci), domin suna riƙe bayanan da aka riga aka share. Sannan ya kunna zaɓin Discard a Proxmox a kan kowane faifan injin, wanda shi ke ba inji damar sanar da ma'ajiya gurbin da ya zama fanko, ya kashe injin ya sake tayar da shi. Don aika wa ma'ajiya wannan sanarwar, masu Linux su gudanar da umarnin fstrim -av, masu Windows kuma Optimize-Volume tare da -ReTrim, amma a bari sai bayan an tashi aiki, kuma kada a yi duka lokaci guda, don aikin yana nauyaya ma'ajiya.

Injin da ba a san mai shi ba, don Allah kada a taɓa shi, a rubuto sunansa nan tukuna.

Mun gode, Allah ya ƙara haɗa kanmu.