Zuwa ga aminina a Sakkwato, kan irin kaktus

Aboabo, Kumasi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan sai godiya, ruwa dai bai ɗaga mana ƙafa ba tun watan Afrilu.

Saƙonka ya iso, na kuma ji yadda ta kaya da irin kaktus (tsiron nan mai ƙaya da kaurin jiki) da yaronka ya kawo maka. Ka ce ka binne shi a yashi, ka ajiye a tsakar gida inda rana ke duka, ka riƙa yi masa rowar ruwa tunda tsiron hamada ne, ga shi har yau shiru. Abin ya taɓa ni, don na san ɗokin da ka yi. In akwai ragowar irin, ka riƙe shi tukuna.

Juriyar nan da aka san kaktus da ita, sai ya girma yake samunta. Babba yana tara ruwa a jikinsa, fatarsa da kauri, kuma sai dare ya yi yake buɗe ƙofofin numfashinsa don kada rana ta ƙwace masa ruwa. Wanda ya tsiro jiya fa, ina zai ajiye ruwan? Ko a ƙasarsu ta asali haka abin yake. Sagwaro, dogon kaktus ɗin nan mai hannuwa sama da ake gani a hotunan hamadar Sonora, tsakanin Arizona ta Amurka da Meziko, yawanci a gindin wata bishiya yake tasowa tana yi masa inuwa. A shekara 8 na farko da ƙyar yake kai santimita 4, kuma yakan shekara 50 zuwa 70 kafin ya fitar da hannu. Saboda haka abin da ɗan tsiron nan yake nema a farkon rayuwarsa shi ne danshi da inuwa mai haske, wato dai abubuwan biyun da ka hana shi.

Ga yadda nake yi. Ina samun yashi mai tsakuwa-tsakuwa in wanke shi har ruwan ya fito garau, don na laushi sosai yana dunƙulewa ya shaƙe saiwa. In haɗa shi da ƙasar shuka da na tankaɗe a rariya, rabi da rabi, in barbaɗa dakakken gawayi kaɗan. Taki kuwa ko kusa. Sai in zuba haɗin a tsohuwar tukunya, in yayyafa ruwa, in rufe, in ɗora a wuta ya turara sosai, sannan in sauke ya huce. Wannan matakin kada ka tsallake shi don Allah. Fumfuna ce babbar abokiyar gabar ɗan kaktus. Ƙwayoyinta suna cikin ƙasa, in suka samu ɗumi da danshi, dare ɗaya sai ka tarar tsiron ya narke daga gindi ya kwanta.

Daga nan sai robar abinci mai murfi, irin wadda ake hango cikinta. A huda gindinta, a zuba ƙasar, a tsoma gindin cikin tafasasshen ruwan da ya huce har danshi ya hau sama da kansa, a bari ya tsane. Irin kuma bisa ƙasa ake yaɗa shi, a ɗan danna da yatsa, ba a binnewa, don mafi yawansa sai ya ga haske yake farkawa. A rufe murfin, ko a saka robar cikin farar leda a ɗaure baki, a ajiye kusa da taga inda haske ke shiga amma rana ba ta taɓawa. Rana in ta bugi rufaffiyar roba, dafa su za ta yi.

Zafin da suke so tsakanin digiri 20 ne zuwa 30. Nan Kumasi kusan duk shekara muna wajen haka, sai dai ku a Sakkwato bazara takan haura 40, daren hunturu kuma ya yi sanyi fiye da yadda suke so. Ni a ganina ka jira damina ta zauna, wajen Yuli, ka shuka a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

Ranar da za su fito, ina ma ina kusa in ga fuskarka. Da safe za ka ga murfin ya yi gumi, ka ɗan karkata shi ruwan ya gangara, sai ga wasu 'yan ƙwallaye kore shar, ba su wuce ƙwayar gero ba, wasu da baƙin ɓawon irin maƙale a kansu. Saiwar tana fitowa da farin gashi mai laushi kewaye da ita. Kada ka ɗauka fumfuna ce, da shi suke kama ƙasa. Bayan wasu makonni sai tsakiyar kan ya tsage, ƙaya ta farko ta leƙo, fara, siririya, ko yatsa ba ta iya sokewa. Ni kam in na idar da sallar asuba nakan daɗe tsugune a gabansu. Wasu irin cikin mako guda sun fito, wasu sai sun kusa wata, masu taurin ɓawo ma su fi haka, don haka kada ka yi saurin zubar da roba.

Su da kansu za su gaya maka halin da suke ciki. In suka yi ja ko ruwan ƙasa, haske ya yi musu yawa, sai ka sa musu ƙyallen gidan sauro tsakaninsu da taga. In suka miƙe sirara, suka koɗe, haske ne bai ishe su ba. Gansakuka in ta fara rufe ƙasa, a ɗan buɗe murfin iska ta shiga. Ban da haka a bar su rufe wata uku ko fiye, sannan a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har su saba. A nan ne aikina da naka za su bambanta. Mu iskarmu cike take da laima, ga damina biyu a shekara, abin da nake tsoro ruɓewa ne, shi ya sa nawa ba sa barin ƙarƙashin rumfa. Kai kuwa bushewa za ka yi yaƙi da ita, musamman in hunturu ya kama. Kada ka bari ƙasarsu ta bushe ƙayau a shekarar farko, kuma kada ka yi gaggawar dashe, sun fi son cunkoso suna ƙanana.

Ka tambaya ko danginsu ɗaya da ƙerana da tinya da muka sani a shingen gonaki. Kama ce kawai. Waɗannan in ka karya su farin ruwa ke fita mai ƙuna, wanda ake tsoron ya shiga ido. Kaktus ƙayarsa daga wani ɗan tudu mai gashi take fitowa, kuma asalinsa nahiyar Amurka ne, ban da wani guda mai rataya a bishiya da ake samu a dazukan Afirka.

In irin ya ƙare, akwai hanya mai sauƙi. Ɗan itacen nan pitaya, mai jan ɓawo da baƙaƙen 'ya'ya a ciki, da ake sayarwa a manyan kantuna, shi ma kaktus ne, mai hawa bango. Ana wanke 'ya'yan a rariya har santsin ya fita, a shanya a inuwa, a shuka kamar yadda na faɗa. Ba ya wahalar fitowa, yana kuma girma da sauri fiye da sauran. Na shanya maka wasu na naɗe a takarda, da na samu mai tahowa wajenku zan ba shi. Ka tanadi robar da yashin kafin su iso.

Ka gaishe min da Hajiya da yara, da mutanen majalisa baki ɗaya. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Amininka na Kumasi