Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya kan Ciwon Shawarar da ke Kashe Masu Juna Biyu

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Na rubuto maka ne kan ciwon hanta nau'in E, wanda ko a taron 28 ga Yuli na ranar ciwon hanta ta duniya ba a cika ambatonsa ba, alhali yana iya kashe hantar mai juna biyu cikin kwanaki kaɗan.

Ka fi ni sanin cewa cutar tana bin ruwan sha da bahaya ya gurɓata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin matan da suka kamu a watanni ukun ƙarshe na ciki, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na iya rasuwa. A 2017 ta ɓarke a Diffa ta Jamhuriyar Nijar, ta kuma bayyana a Ngala ta jihar Borno, inda 'yan gudun hijira suke a cunkushe.

Matar maƙwabcina tana da cikin wata bakwai idanunta suka yi rawaya, fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi. Aka ce shawara ce, aka yi ta ba ta jiƙo da farasitamol, wanda yawansa ma cutar da hanta yake yi. A rana ta biyar ta fara sambatu, ta kasa gane mahaifiyarta, dasashinta na zubar jini. A asibitin da aka kai ta babu kayan gwajin wannan cuta, kuma ta cika kafin a san abin da ya kama ta.

Idan hanta ta gaza, abin da ya rage shi ne kulawar gaggawa ko dashen hanta, wanda talaka ba ya ko mafarkinsa. Shi ya sa gano cutar da wuri ya zama wajibi.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince a 2016 za su kawar da ciwon hanta kafin 2030. Akwai rigakafin ciwon hanta nau'in E mai suna Hecolin da aka yi wa jama'a, har da masu ciki, a Bentiu ta Sudan ta Kudu a 2022. Don Allah, ranka ya daɗe, a tanadar mana shi, a kai kayan gwaji ɗakunan awon ciki, a kuma gyara ruwan sha a unguwannin Maiduguri da ambaliyar madatsar ruwan Alau ta 2024 ta shafa kafin damina ta sake kamawa.

Wassalam,
Wani mazaunin Maiduguri