Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum. Ina gaida shugaba, da iyayen ƙungiya, da malamanmu, da sauran 'yan uwa membobi maza da mata.

Da maganar kuɗi zan fara, domin kusan duk abin da ke cikin wannan rahoto, wanda aka yi da wanda ya tsaya, a kanta ya rataya. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke bana ba su kai rabinmu ba. Wasu sun biya na farkon shekara suka yi shiru, wasu kuma rabonsu da asusun ƙungiya tun ranar da suka sayi fom. Ma'aji ya tura saƙo, ni na kira waya, har wurin aiki mun bi wasu. Amsar ba ta wuce a jira albashi ya shigo, ko a sake turo lambar asusu, alhali lambar tana nan maƙale a saman zaurenmu na WhatsApp. Ba mu jahilci halin da ake ciki ba tun da aka cire tallafin mai a 2023, shi ya sa kwamiti ya rage wa ɗalibai nasu kuɗin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaliban nan su ne suka fi kowa cika alkawari. Mafi yawan bashin yana wuyan masu albashi.

An yi taron wata-wata kamar yadda aka saba, ban da watan azumi da makon Kirsimeti, kuma takardun da aka karanta suna wurin mataimakiyar sakatare.

Abin da za mu yi alfahari da shi bana shi ne taron yini guda da muka shirya wa matasa, kuma ina so waɗanda ba su zo ba su san abin da ya wuce su. Kun san dalilin shirya shi. A nan Kaduna Alexandra Scacco da Shana Warren suka yi gwajin da suka wallafa a 2018, wanda masana halayyar ɗan Adam da masana siyasa a ƙasashe da yawa suke kafa hujja da shi. Sun ɗauki samari 849, Musulmi da Kirista, daga unguwannin da rikici ya saba taɓawa. Wasu aka ba su horon kwamfuta na mako 16, waɗansu a aji mai gauraye, waɗansu a ajin 'yan addini ɗaya zalla, sauran kuma ba a ba su horon ba don a samu abin aunawa. Garinmu ne, yaranmu ne, amma ka shiga Tudun Wada ko Kakuri ka tambaya, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin abin da aka gano. Muka ce bari mu mayar wa masu abu abinsu, da Hausa.

Mun gayyato matasa daga tsallake biyu na kogi: Rigasa, Tudun Wada da Kawo ta arewa, Kakuri, Narayi da Sabon Tasha ta kudu. Duk wanda ya san yadda garin nan ya rabu bayan rikicin 2000 da na 2002, da abin da ya biyo bayan zaɓen 2011, ya san tara su a ɗaki ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Wasu iyayen sai da muka je gida muka yi musu bayani kafin su bar 'ya'yansu su hau gada. Zauren da muka kama tun farko an janye mana shi ana saura kwana kaɗan, ba tare da wani dalili mai kama hankali ba, sai wata uwar ƙungiya ta nemo mana ajin makaranta kyauta. Allah ya saka mata da alheri.

Da safe malaminmu ya bayyana sakamakon gwajin ba tare da ya yi masa kwalliya ba. Tun 1954 Gordon Allport ya kawo ra'ayin cewa cuɗanya tana rage ƙyama idan an cika wasu sharuɗɗa. A Kaduna kuwa, bayan mako 16 na zama tare, abin da samarin suke faɗa game da 'yan ɗaya addinin bai canja ba. Abin da ya bambanta shi ne aiki. Da aka ba su kuɗi aka ce su raba da wani wanda sunansa ke nuna addininsa, 'yan aji mai gauraye ba su nuna bambanci kamar 'yan aji zalla ba. Kuma da aka auna da waɗanda ba su shiga horon ba, sai aka ga 'yan aji zalla ne suka ƙara fifita nasu. Wannan gaɓar ce ta tayar da muhawara, domin kowa a ɗakin ya san irin makarantun da muke kai 'ya'yanmu yanzu da irin unguwannin da muke neman haya. Wani matashi tela ya yi tambayar da ta fi ta kowa: in zuciya ba ta canja ba, mene ne amfanin canjin hannu? Malam ya amsa masa da binciken Salma Mousa na 2020 a arewacin Iraƙi, inda aka haɗa Kirista da Musulmi a ƙungiyoyin ƙwallo. 'Yan wasan sun kyautata mu'amala da abokan wasansu, amma hakan bai kai ga baƙin da ba su sani ba. A ganina wannan gaskiyar ce ta sa matasan suka yarda da mu. Ba mu yi musu alkawarin cewa zaman yini ɗaya zai wanke abin da ya shekara ashirin yana taruwa ba.

Bayan sallar azahar da abinci aka shiga wasan asusun gama-gari, wanda ya ɗauke hankalin kowa. Mun zaunar da su huɗu-huɗu a gauraye, kowa da murafun kwalba 20 da ambulan, kowane murfi kuma da kuɗin da za a biya shi a ƙarshe. Kowa zai sa adadin da ya ga dama a ambulan a ɓoye, a haɗa, a ninka sau 1.6, a raba daidai tsakanin su huɗun. In kowa ya zuba duka, kowa zai tashi da 32. In mutum ɗaya ya riƙe nasa sauran ukun suka zuba, shi zai tashi da 44, su kuma 24 kowanne. Lissafin ke nan, kuma ba su daɗe ba suka gano shi. Zagayen farko ambulan sun zo da nauyi. Da aka fara buɗewa ana ganin wasu babu komai a ciki, sai fuskoki suka canja. Na tsaya kusa da wata budurwa mai sayar da kayan masarufi wadda ta zuba nata duka har sau biyu. A karo na uku ta daɗe tana juya murafun a tafin hannunta, sannan ta sa guda biyu kawai ta liƙe ambulan da ƙarfi. Kafin a ƙare, tebura da yawa sun koma kusan babu mai zubawa.

Sai muka shigo da dokar da Ernst Fehr da Simon Gächter suka gwada: kana iya ba da murfi ɗaya naka don a cire wa wanda ya ƙi zubawa guda uku. Nan take ambulan suka sake yin nauyi a yawancin teburan. A wani tebur kuwa wanda aka hukunta ya juya ya rama a kan wanda ya fi kowa zubawa, irin abin da Herrmann da Thöni da Gächter suka ruwaito a 2008 bayan sun yi wasan a birane 16, inda ramuwar ta yi yawa a wurare irin su Maskat da Atina da Riyad. Babu birnin Afirka ko ɗaya a cikin goma sha shidan nan. Namu ba bincike ba ne, darasi ne, don haka kada wani ya ɗauki abin da muka gani ya kai shi takarda. Amma a zaman ƙarshe matasan da kansu suka ce ba su damu da addinin wanda ke gefensu ba muddin ambulan ɗinsa ba fanko ba ce. An tashi ana musayar lambar waya, kuma har yau suna tambayar yaushe za a sake. Ina miƙa godiya ga 'yan kwamitin shirye-shirye, waɗanda su ne suka share ajin, suka jera kujeru, suka kuma cika gibin kuɗin abinci daga aljihunsu.

Yanzu ga abin da bai yiwu ba. Na ji ana cewa aikin mayar da takardar tambayoyin ginshiƙan ɗabi'a ta su Jonathan Haidt da Jesse Graham, wadda ake auna abin da mutane ke ɗauka daidai ko kuskure da ita, zuwa Hausa ya mutu a hannun kwamiti. Bai mutu ba. An gama fassarar farko. Amma duk wanda ya karanci fannin halayyar ɗan Adam ya san ba a fita da takarda haka nan: sai wani mai fassara daban wanda bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a gwama, a gyara, a gwada ta kan mutane kaɗan, sannan a nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Mai fassara na biyu kuɗi yake so, masu shiga unguwa da takarda suna bukatar kuɗin mota. Ga shi a 2023 Mohammad Atari da abokan aikinsa sun fitar da sabuwar takardar, wadda ta raba ginshiƙin adalci gida biyu, daidaito da kuma ba kowa gwargwadon aikinsa, ginshiƙan suka koma shida maimakon biyar. Kwamiti ya ga babu hikima a kashe ɗan abin da ke asusu kan tsohuwa, sai aka koma kan sabuwar. Wannan ne ya ja lokaci. Aikin kuma yana da muhimmanci. Tun 2008 Jeffrey Arnett ya nuna cewa kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arziki, waɗanda ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. In ba mu auna mutanenmu da harshensu ba, da ma'aunin wasu za a ci gaba da bayyana mu.

Nazarin ra'ayin siyasar matasa shi ma bai kammala ba, kuma wannan ba na kuɗi ba ne. Bayanan Afrobarometer, cibiyar da ke jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, kyauta ake sauke su a intanet, mun sauke, mun raba aikin tsakanin waɗanda suka ɗaga hannu da kansu a taro. Mutum biyu ne kawai suka kawo nasu kason. Shirin rediyon da aka yi maganarsa, wanda muka so mu ɗora kan darasin binciken Elizabeth Paluck na 2009 a Ruwanda game da tasirin wasan kwaikwayon rediyo wajen rage ƙyama, an jingine shi gaba ɗaya, domin kuɗin sayen lokaci a tasha ya fi ƙarfin asusunmu nesa ba kusa ba.

'Yan uwa, zan faɗi abin da ke raina. Akwai membobin da ba ma jin ɗuriyarsu sai lokacin da suke neman takardar shaida ko wasiƙar da za su haɗa da neman gurbin karatu. A zauren WhatsApp kuwa, in ana gardamar zaɓe, su ne kan gaba har tsakar dare. Ƙungiya kamar adashi take, in masu kwasa suka fi masu zubi yawa, tsayawa za ta yi. Waɗanda ke ɗauke da nauyin nan mutane kaɗan ne, su ma suna da iyali da aiki, kuma sun gaji. Biyu daga cikinsu sun riga sun gaya mini ba za su sake tsayawa takara ba.

Saboda haka kwamiti zai kawo shawara a babban taro, bisa abin da muka karanta na Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, cewa ƙungiyoyin da suke ɗorewa suna da hukunci mai hawa-hawa wanda membobi da kansu suka amince da shi. Wanda ake bi wata uku za a tunatar da shi a asirce. Wanda ya kai wata shida ba zai jefa ƙuri'a ba, ba kuma za a sa masa hannu a kowace takarda ba. Wanda ya cika shekara za a cire shi daga rajista har sai ya biya. Duk wanda yake cikin matsi na gaskiya ya ga ma'aji, za a yafe masa ko a sassauta, kuma babu mai jin labarin.

Ma'aji zai kawo littafin shiga da fita da rasiɗai a ranar taron don duk mai son dubawa. A zaman ne kuma za a zaɓi sababbin shugabanni, a kuma tsayar da ko za a maimaita taron matasa badi. Kowa ya zo da abin da ake binsa.

Na gode.

Sakataren Ƙungiya